Daga Wuya Zuwa Ƙasa

Duk layin shagunan nan babu wanda bai san Tela matsoraci ne ba, kuma shi ma bai taɓa musu ba. Mutum ne da ɓera zai gifta ta ƙarƙashin keken ɗinkinsa ya ɗage ƙafafu sama, ya ce wai jijiya ce ta riƙe shi. In mahauci ya zo awo da rigar aiki, sai ya ce ya je ya canzo tukuna. To wannan mutumin, shi ɗin dai, yau in ka shiga shagonsa ka tambaye shi ko tsohon fim ɗin Turawan nan na matattu masu tashi daga kabari ya cancanci a kalla, zai cire allura daga baki, ya dube ka ta saman tabarau, ya ce: "Jinin fenti ne. Bakin 'yan wasan daban, maganar daban. Matattun kuwa, ko hawainiya ta fi su sauri. Amma je ka kalla. Ka buɗe ido da kyau, kuma kada ka kalla kai kaɗai." Masu yi masa dariya su yi ta yi. Ni da na san abin da ya faru a falonsa ba na yi.

A ɗinki ya tashi, a ɗinki ya tsufa. Shagon ɗan ƙarami ne: keke biyu, teburin yanka da ya sha alli har ya yi fari, dutsen guga, dogon madubi da tsatsa ta ci gefensa, sai buhun ƙyallaye da kullum yake cewa gobe zai zubar. Hannunsa kuwa, kai, a nan ba a magana. Amma ba kyan ɗinki kaɗai ya tara masa jama'a ba, rufin asiri ne. Tela bai taɓa ce wa mutum ya yi tumbi ba. Zai zagaya maka tef a ƙugu, ya ga abin da ya gani, ya haɗiye, ya ƙara yadi a inda ya kamata. Mai karkatacciyar kafaɗa ya cusa masa soso a ciki. Mai doro ya sakar masa baya. Ka sa riga ka tsaya gaban madubi ka ga kanka kamar ba kai ba, shi kuwa yana bayanka yana tsince maka zare yana cewa, "Ai dama jikin ne mai kyau." Duk ɓarnar da ka kawo masa kuma, ƙunar guga ce, yagewa ce, cin asu ne, amsarsa ɗaya ce: za a gyara.

Matarsa fa? Ikon Allah, mai haɗa mutane yadda ya so! Nas ce a ɗakin tiyata, kowa Sista yake ce mata, har shi mijin. Doguwar mace mai murya, wadda ba ta tauna magana kafin ta faɗa. A asibiti suka haɗu. Allurar keke ce ta huda masa yatsa ta karye a ciki, aka kai shi, yana ganin jinin kansa ya sulale ƙasa sumamme. Da ya farfaɗo fuskarta ya fara gani, tana naɗe masa yatsa tana danne dariya. Ta ce, "Sannu, jarumi." Shi ke nan, yatsa ya warke, bawan Allah bai warke ba. Bayan sun yi aure takan tsokane shi da cewa ai sana'arsu ɗaya, sai dai ita yadin da take ɗinkawa yana da 'yan'uwa a bakin ƙofa suna jira.

Abin da ya rasa gane mata shi ne son fim ɗin ban tsoro. Ita kuwa ta ce wanda ya wuni cikin jinin gaske, ba abin da ke hutar da shi kamar ya zauna ya ga na ƙarya. Suna sabon aure ta ja shi sinima kallon wancan fim ɗin na matattu. Tun da hannun farko ya ɓullo daga ƙasa Tela ya ce maɓallinsa ya faɗi, ya sunkuya nema tsakanin kujeru, bai samo maɓallin nan ba sai da aka kunna fitila. Ta yi shekaru tana ba da labarin, yana gefe yana murmushi, don shi in dai tana dariya, ko a kansa ne bai damu ba.

Suka haifi 'ya'yansu, suka aurar, saura Auta a gida tana karatu. Sista ta yi ritaya. Sai ciwon ya zo, hawan jinin ido. Idon dama ya fara tafiya, a hankali kamar ana jan labule. Kafin a ankara na hagu ma ya kama hanya. Aka yi mata aiki a asibitin da ta ƙarar da ƙuruciyarta, kuma likitan da ya yi aikin yana cikin waɗanda ta koya wa yadda ake miƙa hannu a sa safa. Ranar da aka kwance bandeji ta buɗe ido, ta juya kai dama, ta juya hagu. Likitan ya ce, "Sannu, Sista," ya yafito Tela suka fita baranda.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Jijiyar ta mutu. Aikin da muka yi ciwon kawai zai rage mata, amma ganin ba zai dawo ba. Bari in shiga in yi mata bayani."

Tela ya riƙo hannun farar rigarsa. "Don Allah, likita, bar mini wannan. Ni zan faɗa mata, a gida, a hankali."

Likitan ma dai bakinsa ya yi masa nauyi a gabanta, sai ya yarda.

A mota suna komawa, kanta na jingine a kujera, ta ce, "Me ya ce maka a waje?"

Wallahi da niyyar gaskiya Tela ya buɗe baki. Amma bakin da ya shekara da shekaru yana ba da amsa ɗaya, ita ya sani. Sai ya ji kansa yana cewa, "Ya ce za a gyara. Sai dai a hankali."

Can ta ce, "To."

Daga ranar Sista ta samu kujera a bakin taga ta zauna. Macen da a da takunta kaɗai ke sa ma'aikata su gyara tsayuwa, yanzu ko banɗaki ba ta zuwa sai ya riƙe mata hannu. Auta ta sayo mata sanda, ta ce a ajiye bayan ƙofa. "Me zan yi da sanda? Ai za a gyara. Ko ba haka babanki ya ce ba?" Aka ce ta koyi zagaya ɗaki da kanta, ta ce ba ta ga amfanin koyon abin da za ta bari ba. Tana zaune, hannu a cinya, tana jira.

Shi kuwa ya zama idonta, ya kuma yi aikin yadda ya iya aiki, wato da rufin asiri. Ta tambaye shi furen da ke kan taga, ya ce ya yi kyau har ya fitar da sabon ganye, alhali ya bushe ƙayau. Ta ce ta ji ɗigar ruwa a silin, ya ce ɗan tabo ne kamar kan yatsa, alhali ya kai faranti. Ta shafa kanta ta ce ko ta yi furfura, ya ce ɗaya-biyu ne, su ma sai an ƙura ido. Da rana zai rufe shago ya dawo ya ba ta abinci, ya gyara mata wuyan riga, ya koma. Masu kaya suka fara guna-guni, bai ko ji su ba.

Kada ku ɗauka bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai, kuma abin yana cin sa. Yana gani da idonsa cewa maganarsa ce ta ɗaure ta a kujerar nan, kuma muddin bai kwance ba, nan za ta ƙare, tana ramewa tana jiran abin da ba zai zo ba. Kullum da safe yana taka keke yana shirya kalmomin, ya yanka su ya daidaita, ya ce yau kam. Da yamma ya shigo, ta juyo da fuska wajen takunsa ta ce, "Ka dawo?" sai duk su warware.

Auta ta san gaskiya, don shi ya faɗa mata. Wata rana ta tare shi a tsakar gida, ido jajir. "Baba, in ba za ka iya ba, ni ka bar ni in faɗa mata. Wallahi Mama ƙarewa take yi."

"A'a," in ji shi. "Ni na karɓi aikin nan a hannun likita. Ban taɓa karɓar aiki na miƙa wa wani ya ƙarasa mini ba."

"To yaushe?"

Ya juya ya shige ɗaki, bai sa rana ba. Shi da duk layin suka shaida ba ya saɓa ranar karɓar kaya.

Ana nan, wata safiya Sista ta ce fim take son kallo, kuma ba kowanne ba, wancan tsohon na matattu. Auta ta sha wahala kafin ta nemo shi a waya. Ta ɗan leƙa nan da can, ta yamutsa fuska.

"Haba Mama, wannan ai ba abin kallo ba ne. Hoton duk ya koɗe, kiɗan kamar ana jan ƙarfe a siminti. Matattun ma tafiya suke kamar masu ciwon ƙafa, wa za su kama? Bari in samo miki na zamani, masu gudu, masu hawa bango."

"Ke yarinya ce," in ji Sista. "Mai gudu ai kafin ki ji tsoro ya gama da ke. Abin tsoro shi ne wanda ke tahowa a hankali, kina kallonsa tun daga nesa, kin rufe ƙofa kin rufe taga, kuma kin san sai ya iso. Waɗannan Turawan ba su da kayan aiki, amma sun san wannan."

"To shi ke nan. Zan zauna in riƙa faɗa miki abin da ake yi."

"Ba ke ba. Babanki."

Tela na tsaye da kofin shayi, sai da ya ajiye don kada ya zube. Ya ce ai akwai kayan da ya yi alkawari. Ta ce su jira. Ya ce turancinsa ba ya ja sosai. Ta ce kunnenta lafiya lau, ido take nema aro. Da ya ga ba mafita sai ya kafa sharaɗi: da rana tsaka za a yi, a ɗage labule duka, a bar ƙofar falo a buɗe. Ta ce ta yarda, ita dare da rana ai yanzu duk ɗaya ne a wurinta. Auta ta haɗa wayar da talabijin, ta damƙa wa uban rimot, ta nuna masa inda ake tsayarwa. Uwar ta ce ta je makaranta abinta.

Suka zauna a doguwar kujera, kafaɗa na gugar kafaɗa. Fim ya fara. Wani ƙauye ne a ƙasar sanyi, da 'yar tashar jirgin ƙasa, da tsoho mai kula da tashar, da 'yarsa mai sayar da tikiti. An yi ta ruwa har kogi ya cika ya shiga maƙabarta. A nan Tela ya yi ƙoƙari, a ba shi haƙƙinsa. Ya faɗi hazo, ya faɗi kalar sama, ya faɗi karen da ke haushi a kan gada. Har Sista ta gyara zama tana gyaɗa kai.

Sai kiɗa ya canza. Laka ta fara motsi.

"Me ake ciki?"

"Wani... wani bawan Allah ne ya fito."

"Daga ina?"

"Daga ƙasa." "Baƙar kwat ce a jikinsa, mai maɓalli uku. Tsohon yanka, kwalar mai faɗi. Shafin ciki ya zazzago ta gefe."

"Uhum."

"Ga wata a bayansa da doguwar riga fara, kalmasar ƙasan duk ta warware. Amma Sista, wannan yagewar ba ta kabari ba ce, almakashi aka sa. Dubi yadda bakin ya miƙe..." Ya kama bakinsa, don ya ji kansa yana ce wa marar gani ta duba.

"Ci gaba," in ji ta.

Ai kuwa ya ci gaba, har da ɗan ƙwarin gwiwa, don ya samo dabara. Ashe in ka ajiye idonka daga wuya zuwa ƙasa, matattu ma mutane ne masu kaya a jiki, kuma kaya ai fagensa ne. Ya faɗi wandon da ya yi wa mai shi gajarta. Ya faɗi rigar sanyi da aka saƙa da hannu. Ya yi tir da wanda ya ɗinka wa wani ƙato aljihu a karkace. Da suka rutsa wani manomi a rumbu, ihu ya cika falon, ana jin wata irin ƙara kamar ana yaga jiƙaƙƙen tsumma, Tela ya ba da rahoton cewa rigar manomin auduga ce mai kyau. "Kin ji yadda ta ƙi yagewa da wuri? Yanzu ba a samun irin yadin nan."

Sista ba ta yi dariya ba. Da ya lura da wannan, da ya sha jinin jikinsa.

Aka zo inda tsohon mai tashar ya fita da fitila bai dawo ba. 'Yar ta kulle kanta a ɗakin tikiti. Can sai aka fara buga ƙofa, a hankali, a hankali. Ta leƙa ta ga hular ubanta, ta zare sakata.

"Uban ne," in ji Tela. "Kayan aikinsa ne a jikinsa, shuɗi, masu maɓallan ƙarfe. Ɗaya ya ɓalle, na biyu daga sama..."

"Tsayar da shi."

Ya lalubi rimot ya danna. Hoto ya tsaya cak, mataccen ya cika talabijin, Tela kuwa kafet yake kallo.

"Tela, tun da muka zauna awo kake yi. Ka ba ni kwala, ka ba ni aljihu, ka ba ni zif. Mutanen nan ba su da kai ne?"

"Suna da shi."

"Fim ɗin nan na kalle shi da idona. Na san abin da ke tsaye a talabijin ɗin nan yanzu, ban manta ba. Ba don in sani na ce ka faɗa mini ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Maigida."

Ba ta kiransa haka sai magana ta kai magana.

"Ba ni da ido sai naka. In naka daga wuya zuwa ƙasa kawai yake gani, to ka ga abin da ya rage mini ke nan. Ɗaga kai ka dube shi."

Jama'a, ku da kuke ganin tsoro abin wasa ne, ba ku san shi ba ne. Gumi ya keto wa dattijon nan ta ko'ina, da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Wuyansa ya yi nauyi, ya ɗaga shi da ƙyar kamar ba nasa ba. Ya bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya zuwa sama, ya kai kwala, ya ɗan tsaya a nan inda ya saba tsayawa. Sannan ya wuce.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

"Ina ji."

"Fatarsa toka-toka ce, ta tsattsage kamar tsohon bango. Kumatun hagu babu, ana ganin haƙora har na ciki. Akwai laka a gemunsa. Jini na bin haɓarsa..." Ya ƙura ido, ya ɗan matso. "Jinin ya cika ja, Sista. Wannan ai fenti ne."

"Tun a sinima na faɗa maka, kana ƙarƙashin kujera. Jini ba ya haka. Idanun fa?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Idanun, Maigida."

"A buɗe suke. Sun yi fari. Ya fuskanci 'yarsa, amma..."

"Amma me?"

"Ba ya ganinta."

Ba abin da ke motsi a falon sai fanka. A waje wani babur ya wuce.

Ta ce, "Nawa fa?"

Ya juyo. A nan ne ya gane wani abu da ya ba shi kunya fiye da tsoron da ya sha: tun da suka dawo daga asibiti, ita ma daga wuya zuwa ƙasa yake kallonta. Ya gyara mata wuyan riga, ya kakkaɓe mata kafaɗa, ya duba ko zaninta ya ɗauru, amma fuskar nan da ya fara gani ranar da ya farfaɗo, ya daina dubanta. Yanzu ya duba. Ya ɗauki lokaci yana dubawa, kamar yadda yake duban yadi mai tsada kafin ya sa almakashi.

"Na dama ya yi fari gaba ɗaya," ya ce. "Na hagu yana nan da kalarsa, sai dai ya daina bin mutum. In ina magana, gefen kunnena kike kallo. Kin rame, Sista. Furfura ta cika miki gaban kai, ba ɗaya-biyu ba ce. Furen taga ya mutu tuntuni, tukunyar kawai nake ba ruwa don ki ji ƙarar." Ya ja numfashi. "Kuma likita bai ce za a gyara ba. Ni na ce. Shi cewa ya yi jijiyar ta mutu. Ganin ba zai dawo ba. Ba zai dawo ba, Sista."

Yana kaiwa nan kuka ya ƙwace masa, irin na manya, marar sauti, wanda kafaɗu kawai ke yi. Ta miƙo hannu tana lalube, ta samu kunnensa, ta samu tabarau ta cire, ta shafa fuskar ta ji ta jiƙe sharkaf. Sai nata hawayen ya zubo, karo na farko tun da abin ya same ta. Suka yi kukansu tare, mataccen Bature na tsaye a talabijin yana jiransu.

Da ta samu murya ta ce, "Na sani."

Ya ɗago.

"Tun ranar da aka kwance bandeji na sani. A ɗakin tiyata fa na tsufa. Kuma wannan 'sannu Sista' da yaron nan ya yi mini, na san irinta, ni ma na sha yi wa mutane."

"To me ya sa kika... duk watannin nan, kina zaune..."

"Ba ido nake jira a kujerar can ba. Kai nake jira. Ta yaya zan ɗaga ƙafa in taka ƙasa da maganar mutumin da zai ga rami a gabana ya ce mini tabarma ce, don kada raina ya ɓaci?" Ta share fuska da bayan hannu, ta mayar masa da tabarau a karkace. "Danna mu ƙarasa. Ban taɓa barin fim a rabi ba."

Suka ƙarasa. Kuma in faɗa muku, ina alfahari da mutumin nan. Bai sake sunkuyar da kai ba. Ya faɗi cizo, ya faɗi kai da aka fasa da shebur, ya faɗi tsutsa a inda take. Wani wurin ya yi salati, wani wurin ya damƙe mata hannu har ta ce zai karya ta, amma bai rage ko zare ɗaya ba. Da ya kwatanta yadda aka zaro wa wani hanji ta ƙirji, ta ja tsaki ta ce su waɗannan ko ƙofar ɗakin tiyata ba su taɓa leƙawa ba. Shi ma ya samu bakin cewa a ƙarshen fim ɗin kwat ɗin mataccen farko ta koma mai maɓalli biyu. Suka yanke hukunci tare cewa aikin akwai ha'inci a ciki, amma tsoron na gaske ne.

Rubutu ya fara hawa, kiɗan ƙarfen nan ya dawo. Sista ta ce ƙishirwa take ji. Tela ya yunƙura zai tashi.

"Zauna. Ni zan ɗebo. Kai dai faɗa mini hanya, yadda take."

Ta dafa hannun kujera ta miƙe, doguwa kamar da. Tela ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su, don ya san halinsu.

"Tebur na gabanki. Kusurwar mai kaifi ce, daidai gwiwarki. Matsa hagu. Ƙara. Yawwa, miƙe. Kafet ya naɗe a bakin ƙofa, ɗaga ƙafa sosai."

Ta ɗaga, ta wuce, kafaɗarta ta daki katakon ƙofa, gum! Ya zabura ya koma ya zauna.

"Kin bugu."

"Na ji ai. Ci gaba."

"Bango na damanki, bi shi. Akwai bokiti a hanya, ni na bar shi. Zagaye. Ƙofar kicin a buɗe take, kofuna na kan kanta, sama da famfo."

Daga inda yake zaune yana hango bayanta. Ta ɗaga hannu tana laluben kantar. Wani abu ya gangaro, ya daki siminti, ya tarwatse.

Ta janye hannu.

"Wanne na fasa?"

Tela ya miƙa wuya ya duba. Akwai tsofaffin kofuna birjik a kan kantar nan da ba wanda zai yi kewarsu, kuma ba ta da yadda za ta sani.

"Mai kyan ne," ya ce. "Wanda kika fi so."

Sai dariya ta ɓarke mata, babba, mai cika gida, irin wadda maƙwabta suka daɗe ba su ji ba. Ta tambaye shi ta ina gilasan suka watsu, ya faɗa mata, ta matsar da ƙafa. Sannan ta sake ɗaga hannu ta lalubo wani kofin, ta tara a famfo.